Romon Gidan Halina

Zuwana Guangzhou na huɗu ba leshi ne kaɗai ya kai ni ba. A shekarar dubu biyu da bakwai ne, kuma kafin in bar Kano Inna ta kira ni ɗakinta ta ɗora mini saƙon da ya fi duk kayan da zan saro nauyi. Autanta Sha'aban, wanda ya tafi karatun injiniya ya gama ya kama aiki a can, ya aiko cewa ya ga matar aure. Ba Bahaushiya ba ce, ba ma 'yar Sin ba ce, wata Baturiya ce 'yar ƙasar Poland mai suna Dorota. Inna ba ta taɓa jin sunan ƙasar ba, ni ma sai da na sa aka nuna mini ita a taswira.

"Ni dai ba zan iya hawa jirgi ba, Altine," in ji Inna. "Ki je ki shiga gidansu, ki ga yadda suke karɓar baƙo, ki ga abin da suke ba shi yana ci. Idonki idona. In kin ce eh na sa albarka, in kin ce a'a shi ke nan."

Sha'aban kuwa ya riga ya rantse ba zai ɗaura aure ba sai da albarkar Inna. Ni na goye shi, na san halinsa, in ya rantse ya rantse. Wato dai auren nan gaba ɗayansa a bakina yake, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Tun ranar da ya zo ya tarye ni na fara lura da wasu abubuwa. Yaron da ya bar gida kamar tsinken tsire, na same shi ya yi kumatu. Yaron da ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗagawa, na gan shi a masaukina na unguwar Sanyuanli yana tattara kwanuka yana wankewa ba wanda ya sa shi. In na ambaci 'yan matan unguwarmu sai ya yi dariya ya sako wani zancen. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, yaron nan an ba shi wani abu ya ci.

Ranar Juma'a ya zo da goron gayyata. Wai mahaifiyar yarinyar, wata dattijuwa Halina, ta zo daga ƙasarsu tun makonni uku da suka wuce, kuma tana gayyatata cin abincin rana ranar Lahadi da ƙarfe uku.

"Ƙarfe nawa?"

"Uku, Yaya."

"Abincin rana ƙarfe uku? 'Yan Sin ma da ba su san azahar ba, sha biyu tana bugawa za ka ga kowane lawban, wato mai shago, ya janye ƙofa ya rungumi kwanonsa. Su wane irin ciki ne da su?"

"Haka al'adarsu take," ya ce. "Obiyad suke ce masa, shi ne babban abincinsu na yini. Da safe su karya, wajen sha ɗaya su ɗan taɓa burodi, wannan karin kumallo na biyu suke kiransa. Sai kowa ya dawo daga aiki a zauna a ci obiyad. Kuma Yaya, yadda ake kawo shi ba irin namu ba ne, da farko za a..."

"Yi mini shiru. Gani na zo yi, ba karatu na zo ɗauka ba."

Ya yi shiru kuwa. Tun yana yaro in na ce ya yi shiru ba ya ƙarawa, kuma a lokacin ina ganin wannan tarbiyya ce mai kyau.

Ni 'yar kasuwa ce, kuma garin nan ya koya mini abu ɗaya: samfur daban, kaya daban. Abin da aka shimfiɗa maka a kan tebur ba shi za ka tarar a kwantena ba. Shi ya sa in mai kaya ya ce in zo sito ƙarfe huɗu kafin a wuce da su tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ni sha biyu nake dira, in same su ba su gama rufe kwalaye ba. Na ce mutanen nan ma haka zan yi musu. Ƙarfe ukun nan lokacin shirya samfur ne. Ranar Lahadi ina idar da azahar na tasa Sha'aban a gaba, yana ta magiya, muka tari tasi. Kuma da gangan ban ci komai ba tun shayin safe, don kada ƙoshi ya sa in yi musu sassauci.

Gidan yana hawa na tara a wani dogon bene bayan titin Liuhua Lu. Ɗaya da rabi muka ƙwanƙwasa. Wata gajeruwar tsohuwa mai farin gashi ta buɗe, hannunta duk gari, ta gan mu, ta dubi agogon hannunta, ta juya ta ƙwala kira cikin yarensu. Na ce a raina yawwa, an kama su.

Ita ce Halina. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, sai murmushi da ɗaga kai. Ina cire takalmina ta sunkuya ta ajiye mini wasu silifas na ulu a gaban ƙafata.

"Na mene ne?" na tambayi Sha'aban.

"Kowane baƙo sai an ba shi, don kada sanyin daɓe ya kama shi."

"Wa ya sa su kafin ni?"

"Sababbi ne, Yaya."

Na tsallake su na wuce da safata. Ban san abin da aka zuba a ciki ba, kuma ba a kan ƙafata za a gwada ba.

Can sai ga Dorota ta fito daga kicin, ta ja ƙofar ta rufe a bayanta. Doguwa ce, fuskarta ta yi jawur, gumi har wuya. Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya," da wata Hausa mai kama da ta jariri. Na amsa sama-sama, idona yana kan hannayenta da ta ɓoye a baya. Ta ba da haƙuri da Turanci, wai ba su yi tsammaninmu yanzu ba, abinci sai uku. Ta koma ta sake rufe ƙofar.

Aka zaunar da ni a falo. Aka kawo shayi da wasu yanka-yankan burodi, na ce na ƙoshi, alhali cikina kuka yake har Sha'aban yana ji. Ƙarfe biyu ta wuce. Biyu da rabi ta wuce. Daga bayan ƙofar nan ina jin ƙamshin kaza, ina jin ƙus-ƙus, ina jin ana buga wani abu a tukunya da ƙarfi. Sau ɗaya ma na ji kamar warin daddawa ya gifta, na ce yunwa ce ta fara yi wa hancina gizo.

Na miƙe wai ina neman banɗaki, na nufi kicin kai tsaye. Kafin in kai hannu tsohuwar nan ta fito ta tare ƙofa, ta ware hannu biyu tana cewa "Nye, nye," tana dariya. Ta kama kafaɗata ta juya ni ta nuna mini wata ƙofar. A gidanmu in baƙuwa ta leƙa madafa, kujera ake miƙa mata a ce zauna mu yi hira. Mai abin kirki a tukunya me zai ɓoye?

Sai uku da kwata aka kira mu tebur. An shimfiɗa farin ƙyalle, an jera cokula da wuƙaƙe kamar za a yi wa mutum aiki a asibiti. Halina ta shigo rungume da wani babban tangaran mai murfi, ta dire, ta buɗe. Ta ɗauki kwanona, nawa fa aka fara ɗauka, ta zuba ludayi biyu.

Na leƙa. Ruwa ne. Ruwan romo garai-garai, har ina hango zanen furen da ke gindin kwanon. 'Yar siririyar taliya tana yawo a ciki, sai yankan karas guda biyu. Na sa cokali na juya ko zan ci karo da tsoka, ko ƙashi ban samu ba. Kazar da na yini ina shaƙar ƙamshinta wanka kawai ta yi a ruwan nan ta fita. Na duba teburin daga wannan kai zuwa wancan, babu tuwo, babu shinkafa, babu ko dankali. Mace ta taso tun daga Kano, a ajiye ta awa biyu da yunwa, sannan a miƙa mata romo tsura kamar mai jinya.

Ban gama haɗiye wannan ba na ga abin da ya tayar mini da tsigar jiki. Tsohuwar ta jawo wani ɗan faranti, ta tsakuro wani koren abu da yatsu uku, ta barbaɗa a kwanona. Ta dube ni cikin ido ta furta wata kalma. Sannan duk su ukun suka zuba mini ido, ba wanda ya ɗaga cokali.

"Me ta ce?" na tambayi Sha'aban da Hausa, ban ko motsa leɓe sosai ba.

"Smachnego. Wato a ci lafiya. Ba sa fara cin abinci sai an faɗa."

"Me ya sa ni aka fara zuba wa?"

"Ke ce baƙuwa, Yaya."

"Wannan da ta barbaɗa fa?"

"Ganye ne kawai. Kowa za a sa wa."

"To mu yi musanye."

Ya dube ni kamar zai yi kuka. Amma ya miƙo hannu ya ɗauke kwanona ya turo mini nasa. Dorota ba ta jin Hausa, amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Uwar ta tsaya da ludayi a hannu tana duban 'yarta tana dubana.

Na kalli Sha'aban yana kurɓar romon nan hankali kwance, har da lumshe ido, sai na ji zuciyata ta karye. Ashe haka suke masa kullum. Da wannan ɗan koren abin aka raba shi da gida, aka mai da shi mai wanke-wanke. Tausayinsa da haushinsu suka haɗu suka rufe ni. Na ajiye cokali na miƙe.

"Yaya, ina za ki? Ba a gama ba fa, wannan na farko ne, akwai na biyu yana zuwa."

"Allah ko? Sai da aka ga na miƙe aka tuna akwai na biyu?"

Na san wannan wasan. Lawban zai ce maka meyo, babu, babu, sai ya ga ka kama hanyar fita sannan ya tuna akwai mai kyau a ciki. Dorota ta taso tana cewa in yi haƙuri minti biyar kawai, ta ruga kicin. Ban jira ba. Na zura takalmina na fice, Sha'aban ya biyo ni har bakin lif, na ce in ya ƙara taku ɗaya ban yafe ba. Ya tsaya.

Tasi na sauke ni a Sanyuanli ban ko hau masauki ba, na faɗa shagon buga waya. Wani ɗan ɗaki ne da aka yanka gida-gida da gilashi, kowa da wayarsa. A Kano hantsi ne lokacin, Inna ta ɗauka a bugu na biyu.

Na zazzage mata komai, har da gishiri. Na ce sun bar ni da yunwa har la'asar ta kawo kai. Na ce sun hana ni leƙa tukunyarsu. Na ce romo tsura suka ba ni, naman suka ɓoye. Sannan na rage murya na ce, "Inna, barbaɗe a gabana, da idona na gani. Har da abin da ta karanta a kai. Shi kuwa Auta sha yake kamar ba gobe. Duk wanda ya ci abincin gidan nan ba ya ƙara ganin laifinsu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna. "Dama jikina ya ba ni. Ke kin ci?"

"Ko cokali ban kai baki ba."

"Allah ya yi miki albarka. Kada ki kuskura ko ruwansu ki sha. Ki gaya masa ban yarda ba, ban kuma sa albarka ba."

Na ajiye waya ina jin kaina kamar wadda ta ciro yaro daga rijiya. Sai a lokacin yunwa ta dawo mini da ƙarfinta, na haye hawa na shida wurin Zalika. Zalika mutuniyar Damagaram ce, a ɗakinta take dafa abincin gida tana sayar wa 'yan kasuwarmu, kuma duk wanda ya kwana biyu a unguwar ya san ƙofarta. Na yi la'asar a tabarmarta, na ce ta zubo mini duk abin da ya rage.

"A'a, Hajiya, ke da kika tafi gidan surukai?" ta ce tana dariya. "Yaya tuwon ɗalibata? Ta fidda ni kunya ko?"

"Wace ɗalibar?"

"Dorota mana. Mi kika gani? Gudaji ya yi yawa?"

Na ce ni ban ga tuwo ba, romo na gani, kuma na faɗa mata yadda aka yi. Zalika ta ajiye ludayi ta riƙe haɓa.

"Kika taso? Kafin na biyu? Wayyo Hajiya! Bon, zamna ki ji. Su haka suke cin na rana, hawa-hawa. Romo shi ke buɗe hanya, sai an shanye a kwashe kwanuka, sannan abincin gaske ya fito. Ni ma ranar da suka gayyace ni haka na yi zuru ina kallon ruwan nan, na ce yau na shiga uku. Kuma wannan romon kazar na ranar Lahadi ne, ba kowa ake yi wa shi ba."

"Ganyen da ta barbaɗa fa?"

Ta miƙa hannu bayan tukwane ta jawo wani ɗauri ta jefo mini a cinya. "Wannan? Persil ne, ni ma ina sa shi a miya. Kin sha ci a nan ɗakin."

Na shinshina. Shi ne. Amma ban sauko nan take ba, na ce, "Ke ma dai sun saye ki ne."

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta fito da wata tukunya da gindinta ya yi baƙi ƙirin, ta dire a gabana.

"Ga aikin da ta yi mini satin farko. Kwana ashirin yarinyar nan tana zuwa nan in ta tashi aiki, tana tuƙa tuwon shinkafa, har muciya ta fasa mata tafin hannu. Kuka da daddawar da ta kaɗa yau daga cikin nawa na ɗibar mata. Jiya ni na raka uwarta unguwar Xiaobei wurin mahautan Musulmi, ta tsaya a kai aka yanka kaji biyu a gabanta, ta ce sai ta gani da idonta don ta iya ba ki amsa in kin tambaya. Tukwane ma sababbi suka saya, wai kada ki yi ƙyanƙyamin tsofaffin. Sun ce kada in faɗa wa kowa, har Sha'aban, so suke ki buɗe kwano ki ga tuwon gidanku."

Wato abin da ke bayan ƙofar nan ke nan. Hannayen da ta ɓoye a baya, bugun da nake ji a tukunya, warin da na ce gizo ne. Zalika ta ajiye mini shinkafa da miya, na kasa kai loma ɗaya. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma, sai kuma tsoro ya biyo bayanta, don na tuna abin da na riga na aika Kano.

Sha'aban bai kira ni ba ranar, bai zo ba. Ni ma ban neme shi ba, saƙon Inna yana nan a bakina ban isar ba.

Washegari Litinin na yi wanka na ɗaura mayafina mafi kyau, na tafi ni kaɗai. Na isa gindin benen tun biyu da rabi, na tsaya a inuwa ina duban agogo, sai da uku ta buga cif sannan na hau na ƙwanƙwasa.

Halina ce ta buɗe. Ta daɗe tana kallona, ba murmushi, ba ɗaure fuska. Sannan ta sunkuya ta ɗauko silifas ɗin jiya ta ajiye a gabana. Na zura ƙafata a ciki. Laushi gare su, ga ɗumi.

Dorota ta fito, ba ta je aiki ba, idanunta sun kumbura. Na shirya dogon jawabi a tasi, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Na zo cin obiyad." Ta faɗa wa uwar. Tsohuwar ta ɗaga kai sau ɗaya ta shige kicin, wannan karon ta bar ƙofar a buɗe.

Romon ya dawo, amma ya zama ja. Dorota ta ce a garinsu haka ake yi, romon da ya kwana daga Lahadi shi ake zuba wa tumatir ranar Litinin ya zama sabon abu. Halina ta zuba mini, ta kai hannu ga ɗan farantin ganyen, sai ta tsaya. Ta turo shi gabana. Na tsakura da yatsu uku na barbaɗa da kaina, na ƙara na biyu. Na yi ƙoƙarin faɗin kalmar tasu, harshena ya harɗe a tsakiya, tsohuwar ta gyara mini, na sake, ta sake gyarawa. Na yi bisimilla na sha. Wallahi romon ya yi daɗi, na shanye har na karkata kwanon.

Aka kwashe kwanuka. Sai ga kaza an soya ta yi ja, ga dankali, ga kokwamba da aka yayyanka cikin kindirmo. A ƙarshe Dorota ta fito da wani kwano mai murfi ta ajiye a gabana, ta ja da baya. Na ga tafin hannunta, duk ya yi kanta ya fashe.

Na buɗe. Tuwon shinkafa ne malmala uku, an ɗumama shi cikin miyar kuka.

"Na jiya ne," ta ce da ƙaramar murya. "Mama ta ce a gidanmu ba a zubar da abinci. Zalika kuma ta ce wanda ya kwana ya fi daɗi."

"Ɗumame," na ce. "Sunansa ɗumame."

Gaskiya tuwon da gudaji, miyar kuma gishiri bai ji ba. Da a Kano ne wata amarya ta kawo mini shi, da ta sha tsiya har ta haihu. Na wanke hannu na sa, na fara ci. Halina ta kalle ni, ta ajiye cokali mai yatsu, ita ma ta sa hannu, miya tana bin gwiwar hannunta.

Muna cikin ci ta yi wata doguwar magana, Dorota ta fassara mini.

"Ta ce ita ma aiko ta aka yi. Babana ba shi da lafiyar tafiya, shi ne ya ce ta zo ta ga dangin Sha'aban, abin da ta ce shi zai bi. Jiya da yamma ya bugo waya yana tambayar yadda aka yi."

Loma ta tsaya mini a hannu. "Me ta ce masa?"

"Ta ce masa ba a gama cin abincin ba tukuna. Baƙuwar ta ɗan fita ne."

Ban iya ɗaga ido na dubi tsohuwar nan ba. Ta ƙara mini cinyar kaza ba tare da ta tambaye ni ba, na cinye.

Wajen huɗu da rabi Sha'aban ya shigo daga aiki, ya same ni da silifas a ƙafa da miyar kuka a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, jakarsa ta zame ta faɗi. Ban bari ya yi magana ba, na ce ya jira in wanke hannu ya raka ni in kira Inna. Bai san na riga na kira ba, ni kuma ban gaya masa ba. A tasi sai surutu yake kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla, yana lissafa wa zai zo ɗaurin aure, wa za a aika wa goro. Ni kuwa ina ta jera maganata a zuci, ina cewa ai Inna ta ce idona idonta, abin da na gani jiya na faɗa, abin da na gani yau ma zan faɗa.

Na shiga ɗakin gilashin na ja ƙofa, shi ya tsaya a waje yana kallona.

"Inna, ni ce. Maganar jiya ce, na yi kuskure. Al'adarsu ce ban sani ba, romon somin-taɓi ne, abincin yana baya. Ganyen nan ganyen miya ne kawai. Inna, yarinyar nan tuwo ta koya saboda mu, kwana ashirin tana tuƙi har hannunta ya fashe. Kajin ma yankan Musulmi ne. Mutanen kirki ne wallahi, ni ce na yi gaggawa. Ki sa albarka."

Ina jin kukan akuyarmu daga tsakar gida.

"Altine."

"Na'am, Inna."

"Komawa gidan kika yi?"

"Na koma."

"Kin ci abincinsu?"

Na dubi hannuna, har yanzu yana ƙamshin daddawa. Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, amma ban taɓa yi wa Inna ita ba.

"Na ci, Inna."

"Da barbaɗen?"

"Da hannuna na zuba. Inna, ki tsaya ki ji..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ke da bakinki kika gaya mini duk wanda ya ci ba ya ƙara ganin laifinsu. Na aiki ɗaya ta ceto ɗaya, sun haɗa sun cinye mini duka biyun. Maganar da kika yi jiya da hankalinki ita na riƙe. Ki tattaro kayanki ki dawo gida a nema miki magani."

Layin ya ɗauke.

Ta cikin gilashi Sha'aban ya ɗaga mini gira, yana murmushi, yana tambayata da hannu me ta ce. Na bar wayar a kunnena, na ci gaba da gyaɗa kai ina motsa baki, kamar har yanzu akwai mai saurarona.